Gwanin da Ke Koya wa Waya Karɓar Ɗinki

Cinikin nesa ba baƙon abu ba ne a Koki. A wannan unguwa ta cikin birnin Kano, wadda ba ta da nisa da Kasuwar Kurmi, Alhassan Ɗantata ya kafa gidansa, ya yi fataucin goro, ya baza wakilai sayen gyaɗa, har ya rasu a 1955. Abu biyu ne suka riƙe irin wannan kasuwanci: amana, da saƙon da ya isa yadda aka faɗe shi. In mutum ya ba da sautu, abin da ya ce shi za a kawo masa.

Yau sautun ya koma cikin waya. Tela ko mai shagon shadda yana zaune a Koki, ko Kurmi, ko Kantin Kwari, oda tana shigo masa daga Abuja da Legas da Yamai da Jidda da Landan. Mai saye ya turo hoto ta WhatsApp ya ce irin wannan yake so, amma wuyan ba haka ba, zaren kuma a rage masa haske. A yi ta musayar saƙon murya, a turo awo a manta tsawon hannu. Kaya su isa, sai a ji ai ba wannan ruwan tokar aka ce ba, alhali yadi ya riga ya sha almakashi.

Akwai sana'ar da ta taso don toshe wannan ɓaraka, wato gina shafin da mai saye zai haɗa kayansa da kansa. Ya buɗe shafin shago a wayarsa, ya zaɓi kaftani ko babbar riga, ya taɓa shadda, ya taɓa launi, ya zaɓi aikin wuya, ya rubuta awonsa. Duk abin da ya taɓa, hoton rigar ya sauya a gabansa, kuɗin ma ya sauya. In ya gamsu ya biya kafin alƙalami, takardar aiki ta faɗa wayar tela ba ragi ba ƙari. Gani ya kori ji.

Dabarar ta girmi wayoyin da ke hannunmu. A 1978 wani malamin Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, John McDermott, ya soma rubuta wa kamfanin Digital Equipment Corporation manhajar da aka fi sani da XCON. Aikinta duba odar manyan kwamfutoci, ta tabbatar sassan da aka zaɓa za su zauna da juna. Kamfanin Dell ya fara sayar da kwamfuta ta intanet a 1996, mai saye yana zaɓar abin da za a sa masa a ciki. A 1999 Nike ta fito da NIKEiD, inda mutum ke zaɓar launin takalminsa. Abin lura a labarin XCON shi ne babu wani hoto mai ɗaukar ido a cikinta. Dokoki ne zalla, waɗanda aka tatso daga bakin ƙwararrun ma'aikatan kamfanin. Har yau a nan gwanintar take.

Shi ya sa gwanin wannan aiki ba ya farawa da kwamfuta. Zai zo shago da littafi da biro, ya gaida maigida, ya raɓa gefen benci yana sauraron ciniki. Tambayoyinsa sai ka ce na ɗan koyo. "Alhaji, in mutum ya ce babbar riga, yadi nawa kuke yankawa?" Maigida ya yi dariya ya ce, "Haba Injiniya, ai wannan kowa ya sani." To abin da kowa ya sani ɗin nan shi ya zo nema, domin ba a rubuce yake a ko'ina ba. Yana cikin kan maigida da manyan yaransa, kuma su kansu ba su san yawansa ba sai an yi ta tono.

Da tambaya zai gano cewa kaftani da wando galibi yadi biyar ne, cikakken saitin babbar riga kuwa goma, amma dogon mutum ko mai jiki sai an ƙara. Zai gano cewa aska takwas aikin babbar riga ne, ba a ɗora shi a kan kaftani. Yadi marar nauyi ba ya ɗaukar aiki mai cika, tattarewa yake yi. Aikin hannu yana cin makonni, na keke kwanaki, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Akwai zaren da ke ɓacewa a jikin wani launi, akwai wanda ke yi masa ihu. Kowace amsa ya rubuta ta da gajeren zance: in an zaɓi kaza, kaza ya halatta, kaza ya haramta, kuɗi ya ƙaru da kaza.

Lissafi kaɗan zai nuna dalilin wannan wahala. A ce shago yana da yadi iri 5, launi 12, aiki iri 6, yankan wuya 4, girma 5. In aka ninka su, riguna 7,200 ke nan mabambanta. Babu telan da zai ɗinka su duka don a ɗauki hoto, kuma da yawa daga cikinsu ba su ma dace a ɗinka ba. Gwani ba ya rubuta layi 7,200. Abubuwa 32 kawai yake shigarwa, sai dokokin da ke tsakaninsu, manhaja ta riƙa haɗa sauran da kanta. Gobe in aka kawo sabon launi, layi ɗaya za a ƙara.

Daga nan sai ladabin tambaya. Mai gaggawa zai zube wa mai saye zaɓi talatin a fuska ɗaya, ya ruɗe ya fita. Gwani yana bin tsarin da tela ke bi: wace irin riga, wane yadi, wane launi, wane aiki, sannan awo. Abin da ba zai yiwu ba, ba ya bari mutum ya kai ƙarshe kafin a ce masa a'a. Tun da wuri yake dusashe shi, ya rubuta dalili a taƙaice. Yana kuma sa wa awo ido. In wani ya rubuta tsawon hannu inci 52 maimakon 25, shafin ya tsaya ya tambaye shi ko ya tabbata. In mai sayen yana Turai ya saba da santimita, a juya masa lissafin ba tare da an dame shi ba.

Hoto shi ne inda idon mai aikin ke bayyana. Dabarar da aka fi amfani da ita ita ce ɗaukar hoton kowane yanka sau ɗaya cikin haske mai kyau, a raba hoton hawa-hawa: jikin riga daban, aiki daban, inuwa da lanƙwasar yadi daban, sannan manhaja ta riƙa jera su bisa zaɓin mai saye. Shadda tana da wuyar sha'ani a nan, don sheƙinta da zanen jikinta suna sauyawa da haske. Gwani ba ya ƙirƙiro launi daga kansa. Kowane bandir sai ya ɗauke shi hoto da rana, ya haɗa sunansa da lambarsa, saboda ruwan madarar wani ruwan hodar wani ne. Yana kuma rubuta gaskiya a shafin, cewa fuskar waya ba ta nuna launi iri ɗaya. Tun 2011 fasahar WebGL ta ba da damar juya kaya ta kowane ɓangare a cikin shafi, kuma tana da amfani ga takalmi ko jakar fata irin ta dukawan Kano. Amma tana da nauyi, kuma na ƙwarai shi ne mai iya ce wa maigida, "Alhaji, ba kwa buƙatar wannan, ku riƙe kuɗinku."

Nauyin nan ba ƙaramar magana ba ce. Yawancin masu saye da ƙaramar waya za su shigo, data a ƙirge, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Don haka gwani yana matse hotuna su yi sauƙi, ya gwada shafin a tsohuwar waya cikin lungu, ba a ofis mai sanyi kaɗai ba. In sabis ya yanke, zaɓin mutum ya tsaya inda ya bar shi. Rubutun ya kasance da Hausa da Turanci. Kuma ya bar ƙofar magana a buɗe, domin Bahaushe yana son jin muryar wanda zai ba kuɗinsa.

Sai kuɗi da lokaci. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, kayan da ake shigowa da su, irin su shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya, ba sa zama a kuɗi ɗaya. Shafin da sai an kira magininsa kafin a sauya farashi, asara ce ke jiran rana. Gwani yana ware jadawalin da yaron shago zai gyara cikin minti biyu. Yana haɗa hanyar biya ta kamfanoni irin su Paystack ko Flutterwave, ko turawa ta banki, ya bambance kafin alƙalami da ciko. Mafi burgewa shi ne wanda ya tambayi yawan kayan da shago ke iya gamawa a mako, ya koya wa shafin ƙirga layi. In azumi ya yi nisa aiki ya cika, shafin da kansa zai faɗa wa mai saye cewa wannan ɗinki sai bayan Sallah. Rigimar tela da mai kaya a daren Sallah, a nan ake kashe ta.

Masu wannan sana'a suna nan a Kano. Wasu sun fito daga Jami'ar Bayero, wasu daga ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, wasu da kansu suka koya. Takarda ba ita ce ma'auni ba. Mai shagon da zai ɗauki ɗaya ya nemi ganin aikin da ya taɓa yi yana gudana, ya buɗe shi a wayarsa. Ya lura ko mai tambaya ne, domin wanda ya yanke kuɗi kafin ya ji yadda ake ciniki bai san abin da zai gina ba. A rubuta yarjejeniya, a biya kashi-kashi, a fara da kaya iri ɗaya kafin a faɗaɗa. Sunan shafin, ko da na .ng ne da ke ƙarƙashin ƙungiyar NiRA, a yi masa rajista da sunan shago, kalmomin sirri da hotuna su zama na maigida. A yi maganar gyara bayan miƙa aiki, da kuma tsare awo da lambobin wayar jama'a, waɗanda dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai karɓarsu alhakinsu. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar iyawa ba ce.

Akwai ribar da ba a cika lissafa ta ba. Kafin a gama aikin, shago ya mallaki abin da bai taɓa mallaka ba, wato ƙa'idojin sana'arsa a rubuce: me ke tafiya da me, nawa ake yanka, nawa ake caji, kwana nawa ake ɗauka. Maigida zai iya tafiya Umara a ci gaba da karɓar aiki yadda yake karɓa, sabon yaro cikin wata guda ya koyi abin da da sai ya shekara yana kallo. Wanda ya iya zama ya saurari dattijo har ya fitar da wannan ilimi daga kansa, bai rage ba bai gurɓata ba, ya cancanci a kira shi gwani, kuma ya cancanci a biya shi haƙƙinsa cikakke.