Alƙalamin Hamilton

Wasan kwaikwayon nan mai suna Hamilton, wanda Lin-Manuel Miranda ya rubuta, aka fara nunawa a birnin Niyok cikin 2015, kusan dukansa waƙa ne. Tauraronsa shi ne Alexander Hamilton, maraya haifaffen tsibirin Nevis, wanda ya zama ma'ajin Amurka na farko cikin 1789. Abin da na ke so malamai su lura da shi, mawallafin bai raba burin mutumin nan da aibinsa ba. Tushensu guda ne, watau harshe da alƙalami.

A dubi yadda aka gina maganarsa. Hamilton yakan cusa gaɓoɓi masu yawa cikin bugun kiɗa guda, amsa-amo na korar amsa-amo har a tsakiyar layi, kamar mai tsoron kada rai ya ƙare bai gama faɗa ba. Abokin hamayyarsa Aaron Burr kuwa yakan ja murya a hankali, ya bar gurbi, domin shi mai jiran lokaci ne. Tun ba a gane kalmomin ba, kunne ya riga ya bambance mutanen biyu. Mai koyar da karin waƙa ya sami misali a nan.

Rubutu ne ya fid da shi daga talauci, gama wasiƙar da ya rubuta a kan guguwar 1772 ita ta sa aka tara kuɗi aka tura shi karatu. Cikin maƙaloli 85 da aka rubuta don kāre tsarin mulkin Amurka, 51 nasa ne. Saboda haka ya ɗauka babu ramin da alƙalami ba zai fid da shi ba. Cikin 1797, da aka zarge shi da cin amanar baitulmali, sai ya buga ƙasida ya tona asirin kansa, ya ce kuɗin da ya ke ba James Reynolds na toshiyar baki ne, don yana neman matar mutumin. Ya wanke sunan ma'aji, ya zub da mutuncin matarsa Eliza a bainar jama'a. A ganina nan wasan ya fi ƙarfi, domin Eliza ba ta yi masa gardama ba, sai ta ƙone wasiƙun. Mutumin da ya dogara ga takarda, an hukunta shi da toka.

Amma fa wasan ya yi masa sassauci. An nuna shi maƙiyin cinikin bayi, kuma lalle yana cikin ƙungiyar 'yanta bayi ta Niyok, sai dai surukansa, gidan Schuyler, suna da bayi, wasan kuwa ya kau da kai. Haka nan an rataya fito-na-fiton 1804, inda Burr ya harbe shi, a kan zaɓen 1800, alhali kuwa maganganun da aka ce ya yi a kan Burr cikin 1804 ɗin su ne sanadi. Da an bar wannan yadda ya ke, da ya fi dacewa da jigon, tun da harshe ne ya kashe shi.

Batun abin da ya bari, an taɓa bankin ƙasa da bashin jihohi, amma a bakin Eliza aka rufe wasan. Ta rayu shekara 50 bayansa, har 1854, tana tattara takardunsa, tana kuma cikin matan da suka kafa gidan marayu a Niyok cikin 1806.