Waƙa a Bakin Mai Ita: Muhawarar Masoya Kiɗa a Boɗinga da Shagari

Gabatarwa

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kowa ya san wannan karin magana, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba: to idan mai ita ya riga mu gidan gaskiya fa, a bakin wa za a ji ta? Abin da ya jawo mini wannan tambaya shi ne aikin hutu da aka ba mu a darasin Waƙar Baka. An umurci kowane ɗalibi ya zaɓi waƙa ɗaya, ya rubuta ta, ya yi mata sharhi. Ni sai na zaɓi waƙar Shago ta Muhammadu Bawa Ɗan Anace, na nufi gida Boɗinga ina ganin aikin kwana biyu ne. Ashe ban san dawan garin ba. Wannan ɗan rubutu bayani ne a kan ra'ayoyin da na ji daga bakin masoya kiɗa a Boɗinga da Shagari, tare da nawa ra'ayin a kan nasu.

Majalisar Boɗinga

Kawuna yana da wani tsohon akwati cike da kasa-kasai, wasunsu sun girme ni nesa ba kusa ba. A ciki na sami waƙar Shago har kashi biyu. Da na zauna rubutawa sai na tarar gindin waƙar ɗaya ne, amma ɗiyanta sun sha bamban. Akwai 'yan damben da aka ambata a kaset na farko waɗanda babu su a na biyu, kuma na biyun ya fi tsawo ƙwarai. Sai na ɗauki matsalata na kai majalisar da kawu ke zama bayan sallar isha'i, na tambaye su wacce ce ta asali.

Maimakon a ba ni amsa, sai gardama ta ɓarke a kan wane ne gwanin gwanaye. Kawu ya ce mini, "Ɗana, mi ya kai ka ga kiɗin dambe? In waƙa kaka so, rubuta Narambaɗa ka aje alƙalami." Hujjarsa ita ce, Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, ba ya jefa kalma a banza. Zambonsa a lulluɓe yake, sai mai hankali ke gane inda aka dosa, kuma 'yan amshinsa ba maimaita gindi kawai suke yi ba, suna karɓe magana daga bakinsa su ƙarasa ta. Bayan Narambaɗa, in ji shi, sai Salihu Jankiɗi mai taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, sai Sa'idu Faru, sai Musa Ɗanƙwairo.

Wani tsohon direba da ke wurin bai yarda ba. Shi mutumin Mamman Shata ne. Ya ce makaɗan fada sukan kwana suna bitar waƙa da yaransu kafin su kai ta gaban sarki, amma Shata ko yanzu ka tsayar da shi, yanzu zai ɗinka maka riga daidai wuyanka. A ganinsa wannan ita ce baiwa, sauran duk koyo ne. Har ya tuna mana cewa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Kawu ya ce ai digiri ba ya kiɗa. Aka yi dariya, aka watse, ni kuwa tambayata tana nan inda na ajiye ta.

Dattijon Shagari

Kwana biyu bayan haka na hau mota na bi hanyar Jega zuwa Shagari, inda aka kwatanta mini wani dattijo da ya yi dambe a ƙuruciyarsa. Bayan mun gaisa na kunna masa kasa-kasan nan biyu, na ce, "Baba, wacce ce ta gaskiya a ciki?" Ya yi shiru har suka ƙare, sa'an nan ya ce, "Duka nashi na, kuma babu wadda ta kai wadda munka ji da kunnuwanmu. Wanga akwati murya ɗai ya kama, bai kama hili ba."

Ya bayyana mini cewa a filin dambe makaɗi da ido yake waƙa. Idan ya hangi wani ƙato ya shigo daga wani ɓangare, nan take zai sako shi cikin waƙa don ya zuga nasa. Idan aka yi kisa, kalangu kan canza harshe, mata su rangaɗa guɗa, sanƙira ya shiga tsakani da kirari. Ya ce tsumar da ke kama ɗan dambe idan ya ji takensa, har jikinsa ya riƙa ɓari, ita ce ma'aunin makaɗi. Saboda haka a wurinsa, wanda duk bai tsaya a fili ƙura ta bule shi ba, labarin Ɗan Anace ya ji, bai ji Ɗan Anace ba. Gani ya kori ji.

Jikansa, wanda sa'ana ne, yana gefe yana murmushi. Da muka keɓe ya ce mini shi waɗannan tsofaffin kasa-kasai ba ya jin komai a cikinsu sai shuuu da hayaniya. Ya fi son waƙoƙin sitidiyo irin na Aminu Ala, inda kowace kalma take fita tas, kuma yadda ka ji ta yau haka za ka ji ta gobe.

Inda Kowa Ya Yi Daidai da Inda Ya Kauce

Zan fara da kawu, tare da neman afuwarsa. Da na matsa masa da tambaya, ya amsa cewa bai taɓa ganin Narambaɗa da idonsa ba. Narambaɗan da yake rantsuwa da shi na rediyo ne, wanda ya riƙa ji a gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da kuma Rima Radiyo ta Sakkwato. Wato dai abin da ma'aikatan rediyo suka ɗauka, suka zaɓa, suka yi ta maimaitawa, shi ne ya zama Narambaɗa a kunnensa. Waƙoƙin da ba a ɗauka ba sun tafi tare da waɗanda suka ji su. Kawu ya yi gaskiya a kan zurfin hikimar mutumin, amma hukuncin da ya yanke na cewa babu kamarsa, hukunci ne a kan ɗan abin da ya tsira kawai.

Direba kuma ya taɓo wani abu muhimmi ba tare da ya bi shi har ƙarshe ba. Bambancin da ya nuna tsakanin shiryayyiyar waƙa da ta nan take shi ne mabuɗin matsalar tawa. Waƙar fada, da yake an yi bitarta kuma 'yan amshi sun haddace rabonsu, ba ta cika nisa da siffarta ba daga wannan zama zuwa wancan, ko da yake akan yi ƙari. Don haka kaset bai cuce ta sosai ba. Amma waƙar Shata ko ta Ɗan Anace, inda amshi yake tsaye wuri ɗaya jagora kuwa yana yawo yadda ya ga dama, kowane zama sabuwar haihuwa ce. Kaset a nan hoton rana ɗaya ne. Inda direba ya kauce shi ne da ya ɗauka shiri aibi ne. Wanda ya saurari yadda Ɗanƙwairo da yaransa suke miƙa wa juna magana ba tare da wani ya taka wani ba, ya san wannan ma baiwa ce, kuma ba ta samuwa sai da wahala.

Dattijon Shagari shi ya fi kowa kusa da gaskiya, amma maganarsa tana da haɗari. Jankiɗi ya rasu a 1973, Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Idan muka ce sai wanda ya gani da ido ke da bakin magana, to nan da 'yan shekaru babu sauran mai bakin magana, mu kuma da aka haifa bayan an naɗe tabarma sai mu rufe littattafanmu. Da babu gara ba daɗi. Kaset bai kama fili ba, gaskiya ne, amma mai kunnen basira yana iya jin alamun filin a ciki: inda murya ta ɗaga ba zato, inda aka katse ɗa ba a ƙarasa ba don wani babban mutum ya iso, inda aka jero sunayen masu kyauta. Wannan hayaniya da jikan dattijo yake ƙi, ita ce shaidar da ta rage mana.

Shi kuwa jikan, ba zan ce ba shi da hujja ba. Tsabtar sauti abin so ce, kuma a cikin mawaƙan sitidiyo akwai masu fasaha ta gaske. Sai dai ma'auninsu dabam ne. Mawaƙin sitidiyo yana da damar gogewa ya sake, makaɗin fili kuwa abin da ya fita ya fita. Auna ɗaya da mudun ɗaya zalunci ne ga dukkansu.

Ba Mu Kaɗai Ba Ne

Wani malamin makaranta mai ritaya a Boɗinga, wanda ya yi karatu a Zariya, ya jawo hankalina ga cewa irin wannan gardama tana nan tsakanin masoya kiɗan jaz, wato kiɗan da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙago a birnin New Orleans. Shi ma jaz yana da gindi sananne wanda makaɗa ke farawa da shi, sa'an nan kowane mai busa ko mai kiɗa ya fita ya yi nasa yawon nan take, a dawo a haɗu a gindi. An fara sa shi a faifai a 1917, kuma faifan garmaho na wancan zamani ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku a kowace fuska, don haka dole makaɗi ya taƙaita abin da yakan daɗe yana yi a gaban jama'a. Har yau masoyansa suna jayayya a kan ko faifai ne gaskiyar makaɗi ko dandali.

Malamin ya kuma ambaci Yusef Lateef, shahararren mai busa na Amurka, wanda ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a kan kiɗe-kiɗenmu. Abin da ya fi burge ni a bayaninsa shi ne al'adar masu buga fayafayan jaz ta rubuta ranar da aka ɗauki kiɗa, da wurin, da sunan kowane makaɗi da abin da ya riƙe. Saboda haka idan masoyansa za su yi gardama, sun san a kan wane zama suke yi. Mu kuwa fa? Kasa-kasan kawu babu kwanan wata ko ɗaya a jikinsu. Wa ya san sunayen masu kalangun da ke bayan Ɗan Anace a waɗannan zama biyu? Yanzu ma abin ya ƙara lalacewa. Na je wurin masu tura waƙoƙi a waya, na tarar an liƙa sunan Narambaɗa a kan waƙar da kawu, daga jin ɗa na farko, ya ce ta Jankiɗi ce.

Kammalawa

A ƙarshe ban zaɓi ɗaya na yar da ɗaya ba. Na rubuta waƙoƙin biyu gefe da gefe, na nuna inda suka haɗu da inda suka rabu, na ƙara da bayanin dattijon Shagari. A nan na gane cewa tambayata ta farko ita ce kuskuren. Neman "ta asali" ɗabi'a ce da muka ɗauko daga rubutacciyar waƙa, irin Waƙar Nijeriya ta Alhaji Shehu Shagari, wadda marubucinta ya zauna ya tsara baitocinta a takarda. Waƙar baka ba haka take ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai na wannan ƙungiya. Duk wanda zai yi nazarin waƙar baka, ya faɗi daga wane kaset ko wane zama ya samo ta, kada ya ce "waƙar wane" kurum kamar guda ɗaya ce tak. Idan muka je hutu, mu nemi dattawan da suka halarci wasannin nan mu ɗauki bayaninsu tun suna raye, domin su ne rabin waƙar da na'ura ba ta kama ba. Idan kuma muka ɗauki wani makaɗi na yau a wurin biki ko dambe, mu rubuta rana da gari da sunayen 'yan amshi da makaɗansa. Wayar da ke aljihunmu ta fi rikodar da aka ɗauki Narambaɗa da ita, ba mu da uzuri.

Kawu dai har yanzu yana kan bakansa, direba ma haka. Na kuma yi alkawarin in na koma hutu mai zuwa zan kai wa dattijon Shagari kwafin aikin nan, jikansa ya karanta masa, ya gyara mini inda na yi kuskure. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu amfana da abin da suka bari. Wassalam.