Gizo da Ɓeran Amurka: Katun ɗin Tom and Jerry a Ma'aunin Tatsuniya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce auna katun ɗin Tom and Jerry da ma'aunin tatsuniyar Hausa, domin gano abin da yaro ya samu da abin da ya rasa tun da talabijin da bidiyo suka fara raba hirar dare da kaka. An ɗauki garin Abaji, wanda ke kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, a matsayin misali, saboda a can Hausa harshen cuɗanya ne tsakanin Hausawa da Egbura da Ganagana da Gwari da Bassa.

2.0 Daga Silima Zuwa Kaset

William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙago wannan katun a kamfanin MGM na Amurka. Daga 1940 zuwa 1958 sun fitar da gajerun finafinai 114, bakwai daga ciki suka ci lambar Oscar. Don silima aka yi su, sai a 1965 suka shiga talabijin a Amurka. Da kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin VHS a 1976, sai fim ya zama hajar da ake saye ko haya. A shekarun 1980 da 1990 yaran Nijeriya sun san katun ɗin ta tashoshin NTA, sannan ta kaset, daga baya ta faifai da waya.

3.0 Kamanci

Jigon katun ɗin ɗaya ne tak: muzuru na farautar ɓera, ɓera na kunyata shi. Wannan ba baƙon jigo ba ne ga Bahaushe, domin da shi Gizo yake kayar da Kura da Zaki, wato dabara ta fi ƙarfi. Haka kuma taurarin biyu kusan ba sa magana. Motsi da kiɗa ke ɗauke da labarin. Don haka yaran Abaji, kowa da harshen gidansu, za su iya zama gaban akwati guda su yi dariya tare ba tare da tafinta ba.

4.0 Bambanci

Sai dai wannan falala ita ce kuma naƙasun. Ran tatsuniya a harshe yake: tsamin bakin Gizo, da waƙar da masu sauraro ke amshi, da karin magana, da mabuɗi da marufi. Yaron da ya ji tatsuniya yakan maimaita ta gobe ga ƙannensa, ta haka kalmomi ke zama masa jari. Wanda ya kalli Jerry kuwa ba abin da zai maimaita sai faɗuwa da duka. Bugu da ƙari, Gizo yakan ji kunya idan kwaɗayinsa ya yi yawa, alhali Jerry ba kasafai yake girbar abin da ya shuka ba. Asarar ta fi nauyi a gari irin Abaji, inda ɗan ma'aikacin da aka turo daga Katsina ko Sakkwato ya yi nesa da kakarsa, Hausar kasuwa ce kawai ta rage masa a waje.

5.0 Kammalawa

Laifin ba na zane mai motsi ba ne. Moustapha Alassane na Nijar ya yi amfani da kwaɗi ya yi wa masu mulki zambo a Bon Voyage Sim tun 1966, kuma Adamu Waziri ya fito da Bino and Fino a Abuja a 2010. Abin da ya rage shi ne masana harshe su haɗa gwiwa da masu zane, a sa Gizo da Ƙoƙi a allo da bakinsu na asali. In ba haka ba, yaro zai tashi ya san wayon Gizo, bai san muryarsa ba.