Wa Ya Reni Shaihu Umar?

Yawancinmu a aji muka fara haɗuwa da Shaihu Umar, littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. An koya mana cewa labari ne na haƙuri da yarda da ƙaddara. Haka ne, amma in muka sake karanta shi da idon manya, wata tambaya za ta tare mu: shin wa ya reni wannan yaro har ya zama malamin da ɗalibai ke kewayewa a Rauta?

Umar bai tashi ya ga mahaifinsa ba. Mijin uwarsa, Makau, bafade ne a Kagara, kuma kafin yaron ya san daɗinsa 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla masa sharri, aka kore shi daga gari. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron amana, ɓarawo ya sace shi. Daga ƙarshe ya faɗa hannun Abdulkarim, Balaraben da ya kai shi Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu wurin Shaihu Mas'ud. Wato Umar ɗan hannu da yawa ne, kowa ya riƙe shi na ɗan lokaci sai a fizge shi.

Mai fizgewar kuwa sau da yawa ba mutum ba ne. Kura ce ta cinye ɓarawon da ya sace shi a daji. Guguwar rairayi ce ta binne ayarin Abdulkarim a hamada, Umar ya tsira. A tatsuniyoyinmu daji makaranta ne, inda yaro ke shiga ya fito da wayo. A wannan littafi daji bai koya wa Umar farauta ko sanin hanya ba. Aikinsa ɗaya: ya raba shi da wanda ke riƙe da shi, mugu ne ko nagari, ba ya zaɓe. Abin da ya rage wa yaron bayan kowace rabuwa shi ne abin da ke ƙirjinsa, wato karatu. Nan muke ganin hikimar marubucin, wanda shi kansa malamin makaranta ne kafin ya zama Firayim Minista: ilimi ne kaɗai gādon da kura da guguwa ba su iya ƙwacewa.

Sai dai akwai inda muke ja da littafin. Umar kusan bai taɓa zaɓar wa kansa komai ba. Ɗaukarsa ake yi, a ajiye. Wadda ta yanke shawara da kanta, ta bar gida, ta bi sawun ɗanta har aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa, ita ce uwarsa. Ta ratsa hamadar da ya ratsa, amma shi ya haye a matsayin ɗa, ita a matsayin haja. Da suka haɗu, ba ta daɗe ba ta rasu. Shi ya samu rawani da almajirai, ita ko gida ba ta koma ba. Kuma kada mu manta, Abdulkarim mai kirkin nan da fataucin bayi yake ci. Littafin ya nuna mana wannan, amma bai tsaya ya tuhume shi ba, kuma Umar da ya girma bai tambaya ba.

Wannan shirun ya fi damunmu yau, da satar yara ta dawo dazuzzukan Arewa. In muka ce wa matasa darasin littafin haƙuri ne kawai, mun koya musu kallon ɗan da ya tsira su manta da uwar da ta biya. Sa'ar da Umar ya yi ba ta wanke cinikin da ya kai shi Ber Kufa ba.

Don haka muna ba da shawarar a sake karanta shi, ko a nemi fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976, a bi sawun uwar maimakon na ɗan. Littafin ƙarami ne, zama ɗaya ya isa. Mai karatu zai tarar cewa tarbiyyar Shaihu Umar ta fi tsada fiye da yadda shi Shaihun ya faɗa wa ɗalibansa.