Sunaye a Bangon Coci: Kabarin da Ƙauyukan Ingila Suka Yi wa Matattun da Ba Su Binne Ba

Duk wanda ya shiga tsohon coci a wani ƙauye na Ingila, da wuya ya fito bai ci karo da wani allo na dutse ko na tagulla a jikin bango ba, ko kuwa dogon gicciye na dutse a harabar, an sassaƙa sunayen maza a jere, goma ko ashirin ko talatin, a samansu an rubuta 1914 da 1918, shekarun Yaƙin Duniya na Farko. Sau da yawa a ƙasa akwai wani gajeren jeri da aka ƙara daga baya, na waɗanda suka mutu tsakanin 1939 da 1945. An ƙiyasta cewa wuraren tunawa da matattun yaƙi a Birtaniya sun kai wajen 100,000, kuma kaso mai yawa daga cikinsu irin waɗannan ƙananan na ƙauye ne. Baƙo yakan ɗauke su a matsayin kwaikwayon manyan gine-ginen tunawa na gwamnati, wato ƙaramar tutiya da nasarar yaƙi. A ganina wannan fahimta ta kauce. Allon nan na coci kabari ne, wanda mutanen ƙauye suka yi wa 'ya'yansu da hannunsu saboda an hana su gawarwakin, kuma duk wani kyau da aibi da ke tattare da shi daga nan ya samo asali.

Maganar hana gawa ita ce tushe. A watan Afrilun 1915 aka kashe William Gladstone, jikan tsohon firayim minista, a fagen daga a Faransa, aka dawo da gawarsa gida aka binne a Hawarden. Irin wannan gata na masu hali shi ne abin da hukumomin soja suka toshe a wannan shekara, suka hana tono gawar soja a kai ta Birtaniya. Da aka kafa Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Daular Birtaniya a 1917 ƙarƙashin jagorancin Fabian Ware, sai ta mai da hanin ƙa'ida ta dindindin: kowa zai kwanta kusa da inda ya faɗi, hafsa da kurtu dutse iri ɗaya. Ƙa'idar tana da adalci, amma ta bar iyaye da zawarawa da makoki ba jana'iza. Ga kuma dubban da ko gawarsu ba a samu ba, waɗanda harsasan igwa suka yi kaca-kaca da su ko taɓo ya haɗiye. Ginin tunawa na Thiepval kusa da kogin Somme yana ɗauke da sunaye fiye da 72,000 na waɗanda ba su da kabarin da aka sani, ƙofar Menin a garin Ypres na Beljiyam kuma fiye da 54,000. Matar leburan gona wadda ba ta taɓa ganin teku ba, ina za ta samu kuɗin zuwa Beljiyam ta tsaya a gaban sunan mijinta? Mai karatu Bahaushe ya san nauyin a ce mutum ya rasu ba a yi masa sutura a gaban danginsa ba, ba a san inda za a nuna a ce ga makwancinsa ba. Wannan giɓi ne allon coci ya zo ya cike, a wurin da tsohuwa za ta iya takawa da ƙafa kowace Lahadi.

Abin da ya fi jan hankali shi ne gwamnati ba ta sa hannu a wannan aiki ba. Ba ta ba da kuɗi ba, ba ta fitar da fasali ba, ba ta kuma shimfiɗa dokar wanda ya cancanci a sa sunansa ba. Kowane ƙauye ya kafa kwamitinsa, galibi limamin coci da babban mai gonaki da malamin makaranta a gaba, aka yi karo-karo gida-gida, aka nemi iyalai su kawo sunaye. Shi ya sa jerin kowane ƙauye yake da halinsa. Za ka samu saurayin da ya yi ƙaura zuwa Kanada ko Ostareliya tun kafin yaƙi, ya mutu cikin kakin wata runduna dabam, amma sunansa na nan domin mahaifiyarsa tana ƙauyen. Za ka samu wanda ya dawo gida da rauni ko da huhun da iskar guba ta ci, ya cika bayan an daina yaƙi, makwabta suka ƙidaya shi cikin matattun yaƙi domin sun ga yadda ya ƙare. Wani sunansa ya fito a ƙauyuka biyu, na haihuwa da na aure. A wasu wuraren an jera sunaye bisa muƙami, ɗan mai gonaki a sama. A wurare da yawa kuma an bi jerin haruffa, aka bar muƙami gaba ɗaya, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da bambancin aji ya kai har kujerun zama a coci. Idan ka ga sunan iyali ɗaya ya maimaitu sau biyu ko uku, to gida ɗaya ne aka yi wa ɗibar karan mahaukaciya. Girman asarar kuwa ana gane shi ta bayan gida: marubuci Arthur Mee, a shekarun 1930, ya laƙaba wa ƙauyukan da duk mazansu suka dawo da rai suna "ƙauyuka masu godiya", ya lissafa 32. Binciken da aka yi daga baya ya kai adadin hamsin da 'yan kai a Ingila da Wales, cikin gundumomin coci fiye da 10,000.

Me ya sa coci? Amsa mai sauƙi ita ce a nan maƙabartar ƙauye take, a nan aka yi wa yaron baftisma, a nan kakanninsa suke kwance. Amma akwai wani abu mai zurfi. Tun bayan da Cocin Ingila ya rabu da Roma a ƙarni na 16, yi wa mamaci addu'a a bainar jama'a ya zama abin ƙyama ga mafi yawan Furotesta, ana ganinsa al'adar Katolika. Yaƙin nan ya karya wannan shinge. A 1917 aka fitar da addu'o'i na hukuma masu roƙa wa matattu rahama, duk da adawar wasu bishop-bishop irin su na Liverpool da na Manchester. Ba malaman tauhidi ne suka kawo sauyin ba, iyaye mata ne da ba su da abin da za su yi wa 'ya'yansu sai addu'a. Ba kuma ko'ina aka yarda da zaɓen coci cikin lumana ba. Mabiya Methodist da Baptist da sauran waɗanda ba sa bin Cocin Ingila sun sha ƙin yarda a rufe sunan ɗansu a ginin da bai taɓa yin ibada a ciki ba, sai a sasanta a kafa dutsen a dandalin ƙauye, ko kowace majami'a ta yi allonta. Faransa ta bi wata hanya dabam. A can dokar 1919 ta tanadi tallafin gwamnati, dokar 1905 ta raba addini da mulki kuma ta hana alamar addini a gine-ginen jama'a, saboda haka dutsen tunawa ya fi tsayawa a dandali ko gaban ofishin magajin gari. Na Faransa yana magana da muryar jamhuriya, na Ingila da muryar makwabta.

Suka mafi ƙarfi da ake yi wa wannan al'ada ita ce ta tsarkake kisa. Masu wannan ra'ayi suna cewa cocin da limamansa da dama suka yi wa samari huɗubar shiga soja, shi ne ya dawo ya rubuta sunayensu ƙarƙashin gicciye da ayar Linjila mai yabon wanda ya ba da ransa domin abokansa, ya mai da mutuwar mutum 19,240 a rana guda a fagen daga na Somme, 1 ga Yulin 1916, ta zama kamar hadaya mai tsarki maimakon gazawar janar-janar da 'yan siyasa. Akwai gaskiya a nan, kuma bai kamata a share ta ba. Kalmomin ɗaukaka da ke kan allunan sun rufe abubuwa da yawa: ba za ka karanta a dutse yadda mutum ya kwana yana nishi a kan wayar ƙaya ba. Amma a duba abin da ya cika fuskar allon. Kalaman yabo layi ɗaya ne ko biyu, saura duk sunaye ne. Allunan tunawa na ƙarnukan baya a coci-coci galibi na hafsoshi ne da 'ya'yan manya. Kurtu ya mutu a yaƙin Waterloo ko na Kirimiya, da wuya ƙauyensa ya rubuta sunansa ko'ina. Sassaƙa sunan makiyayin tumaki a bangon da a da sai na masu sarauta, shaida ce ta cewa ransa abin lissafi ne. Jeri mai tsawo a ƙauye mai gidaje kaɗan ba ya kwaɗaitar da kowa yaƙi; yana nuna kuɗin da aka biya ne.

Suka ta biyu ita ce jerin ba shi da inganci, kuma ya yi wariya. Wannan ma haka ne. An bar sunayen wasu saboda iyalinsu sun tashi, wasu saboda uwa ta ƙi yarda ɗanta da aka ce ya ɓata ya mutu. Mafi ciwo su ne sojoji 306 da rundunarsu ta harbe bisa laifin gudu ko ragwanta, waɗanda sai a 2006 aka yi musu afuwa. Da yawansu an tsallake su. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ikon da ƙauye ke da shi na ware mutum shi ne ikonsa na tsaya masa. Ƙauyen Fulstow a Lincolnshire ya zauna ba dutsen tunawa har 2005, kuma abin da mutanensa suka gada shi ne kakanninsu sun ƙi a yi ba tare da sunan Charles Kirman ba, wanda aka harbe a 1917. Da aka tashi yi, da sunansa aka yi. Rajistar hukuma kuwa, wadda ake ganin ta fi tsari, ta yi wariyar da ta fi wannan muni nesa ba kusa ba. Rahoton da hukumar kaburburan ta fitar da kanta a 2021 ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, galibi 'yan Afirka ta Gabas da Masar, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, wasu dubbai kuma, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma, ba a yi musu daidai da Turawa ba. Sojojin Najeriya da suka yi yaƙi a Kamaru da Afirka ta Gabas, Hausawa da yawa a cikinsu, da 'yan dakon da suka bi su, ba su samu kwamitin ƙauye da zai bi gida-gida neman sunansu ba. Kuskuren ƙauye na mutum ɗaya ne ko biyu, kuma jikoki suna iya gyara shi. Wanda ba a taɓa rubutawa ba, gyaransa sai an sha wuya.

Saura masu cewa zamanin abin ya wuce. Harry Patch, na ƙarshe cikin sojojin Birtaniya da suka yi yaƙi a ramuka, ya rasu a 2009. Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun gaza rabin mutanen Ingila da Wales. Coci-coci na ƙauye ana rufe wasu, ana sayar da wasu. Duk da haka, a Lahadi ta biyu ta kowane Nuwamba ana taruwa a gaban allunan nan, a karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, a yi shiru na minti biyu kamar yadda aka fara a 1919, kuma cikin masu tsayuwa har da waɗanda ba sa zuwa coci a sauran shekara. A shekarun cika ɗari da yaƙin, 2014 zuwa 2018, 'yan makaranta da masu binciken tarihin gari sun bi sunayen sun gano sana'ar kowa da gidan da ya fito, aka ƙara waɗanda aka manta. Haɗarin da ke gaban allunan na zahiri ne: ɓarayin tagulla, ruwan sama mai cinye rubutu, da cocin da za a rufe a kwashe kayansa zuwa wani ɗakin ajiya a birni. Inda rufewa ta zama dole, a mayar da allon zauren taron ƙauyen ko makarantarsa, kada a fitar da shi daga garin, domin mutanen da ke jikinsa an riga an binne su sau ɗaya a ƙasar da ba tasu ba.