Baki Ɗari, Harshe Ɗaya

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan'uwa da ɗalibai, kwanan baya wani yaro daga cikin masu karatu a wurinmu ya tsaya bayan darasin nahawu ya yi mana tambaya. Wani ya yi masa tayin aiki: ya buɗe shafuka goma a Facebook da sunaye daban-daban, har da na mata, a riƙa turo masa abin da zai rubuta a ƙarƙashin duk wanda ya soki masu mulki, a saka masa data, a ba shi 'yan sefa ƙarshen mako. Ya ce: "Malam, ai ba sata ba ce, rubutu ne kawai." Mun ba shi amsa a zaure, amma mun ga ya kamata mu maimaita ta a nan, don mun san ba shi kaɗai aka yi wa wannan tayi ba.

Duk wanda ya fara Nukhbatul Fikar ta Ibn Hajar ya san ma'anar mutawatir: labarin da jama'a masu yawa suka kawo, waɗanda a al'ada ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba. Yawan nasu hujja ne saboda kowa da hanyarsa. To, aikin da aka kira yaronmu ya yi shi ne ƙirƙirar tawaturin jabu. Mutum ɗaya ya zauna da wayoyi da layuka, ya yi magana da baki ɗari. Mai karatu ya ga Hajiya wance da Malam wane da wani saurayi daga Garwa duk sun faɗi abu guda, sai ya ce ashe haka mutane suke gani. Alhali ruwaya ce ta mutum ɗaya, shi ma ba a san shi ba, kuma an biya shi. Da a majalisar hadisi ne, ko kallonta ba za a yi ba.

Masu zuwa kara sun san irin wannan. Dillali ya tsayar da yaransa su riƙa ƙara wa sa kuɗi, ba don za su saya ba, sai don mai saye na gaskiya ya ruɗu. Sunansa najashi, Annabi (SAW) ya hana shi, kuma Imamu Malik ya kawo hanin a Muwaɗɗa. Idan haramun ne a ruɗi mutum a kan farashin sa guda, ina ga ruɗin gari a kan wanda zai riƙe amanarsa?

Kada wani ya ce zato muke yi. A watan Mayun 2019 kamfanin Facebook ya rufe shafuka da asusu 265 na wani kamfanin Isra'ila mai suna Archimedes, wanda yake shiga siyasar Najeriya da Nijar da wasu ƙasashe da sunayen 'yan ƙasa na ƙarya. A watan Oktoba na shekarar ya rufe wasu da ya danganta da Yevgeny Prigozhin na Rasha, kuma Kamaru tana cikin ƙasashen Afirka takwas da aka nufa. A Janairun 2021, dab da zaɓen Yuganda, ya rufe wasu da ya ce suna da alaƙa da ma'aikatar sadarwa ta gwamnatin ƙasar. Gwamnati ta mayar da martani da toshe Facebook ɗin, sannan ta kashe intanet gaba ɗaya. Larabawa ma sun raɗa wa masu wannan aiki suna: ƙudajen intanet. Sunan ya dace, don a kan miki suke taruwa.

Mu a nan mun san rufe baki na fili. A Maruwa aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a Yulin 2015, bai fito ba sai Disambar 2017. A farkon 2017 an yanke intanet wata uku a jihohi biyu masu magana da Turancin Ingilishi. Wannan kowa yana ganinsa, ana iya cewa wane ne ya yi. Shi kuwa rufe baki da shafukan bogi ba ya barin sawu. Mutum ya tambayi dalilin da ya sa famfon unguwarsu ya bushe, ko hanyar Mora zuwa Kuseri ta lalace, kafin ya idar da sallar isha'i an yi masa caa: maci amana, ɗan a-raba, mai goyon bayan Boko Haram. A yankinmu wannan kalma ta ƙarshe ba zagi ba ne kawai, tana iya kai mutum inda iyalinsa ba za su gan shi ba. Gobe sai ya yi shiru, maƙwabcinsa da ya gani shi ma ya kama bakinsa.

Wasu za su ce ai 'yan adawa ma suna yi. Haka ne, kuma hukuncin ɗaya ne. Bayan zaɓen 12 ga Oktoban 2025, da Issa Tchiroma Bakary ya ce shi ya ci, majalisar tsarin mulki kuma ta ba Paul Biya, wa ya manta abin da ya cika wayoyinmu daga kowane ɓangare, a lokacin da ake rasa rayuka a titi? Ba mu zo gaya muku wanda za ku bi ba. Abin da muke cewa shi ne shaidar zur ba ta zama halal don wanda ake yi wa ita naka ne. Sai dai laifin mai iko ya fi nauyi, domin shi ne mafi bukatar jin gaskiya. Shugaban da ya sayi masu tafa masa ya toshe kunnen kansa da kuɗinsa.

Wasu kuma su ce ai biyayya ga shugabanni ce. Biyayya ba ta cikin saɓo, kuma nasiha ga shugaba haƙƙinsa ne a kanmu. Wanda ya kori masu nasiha bai taimake shi ba.

Mu ma masu karatu muna da namu laifin. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike idan fasiƙi ya zo da labari, shi fa an san fuskarsa. Kafin ka tura abu zuwa zauren WhatsApp na masallaci, duba: yaushe aka buɗe shafin? Yana da 'yan'uwa da biki da rasuwa kamar kowa, ko kuwa siyasa ce kawai dare da rana? Kalmominsa iri ɗaya ne da na wasu ashirin, har da kuskuren rubutu? Idan haka ne, kada ka tura, kada ka tanka.

Ɗalibanmu, mun san babu aiki, mun san aljihu ya bushe. Amma suna goma da za ka ara a duniya, littafi ɗaya za a ba ka ranar hisabi, da sunanka na yanka. Abin da ba za ka iya faɗa a ƙofar masallaci da fuskarka a buɗe ba, kada ka rubuta shi da sunan wani.

Allah ya ba matasanmu abin yi na halal, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne mafi sani.