Fasali a Kan Soyayyar Silima da Soyayyar Zaman Aure

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya kai ɗan'uwa almajiri, da kai ɗan kasuwa, ido ƙofar zuciya ne, abin da ya yawaita shiga ta cikinsa shi ke zama sarkin gida. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937. Daga wajen 1950 zuwa gaba Kwarori suka riƙa shigo da finafinan Indiya, jama'a suka karɓe su, domin sun ga kunya da girmama iyaye irin namu. Sannan aka fara finafinan bidiyo na Hausa a Kano da Turmin Danya a 1990, waɗanda suka biyo baya kuwa da yawansu suka ɗauko rawa da waƙar Indiya.

To, dubi abin da suke karantarwa. A cikin Bobby, na 1973, ɗan attajiri ya so 'yar masunci, iyaye suka ƙi, yaran suka gudu suka faɗa ruwa, sannan iyaye suka sallama. Darasinsa uku ne, dukkansu gurɓatattu: so kallo ɗaya ne, uba abokin gaba ne, wanda ya nace kuwa sai ya samu.

Auna na ukun da ƙissar Barira da Mugisu wadda Buhari ya ruwaito. Da aka 'yanta Barira ta zaɓi rabuwa da mijinta. Yana bin ta a hanyoyin Madina, hawaye na zuba a gemunsa. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya roƙar masa. Da ta ji ceto ne ba umarni ba, sai ta ƙi, ba a kuwa tilasta mata ba. Ashe kukan namiji ba ya wajabta masa mace. Saurayin da ke tare yarinya a hanya bayan ta ce ba ta so, mai cutarwa ne, ko da ya kira kansa masoyi.

Amma adalci wajibi ne. Finafinan nan sun tona asirin auren dole, kuma sun yi gaskiya, domin an warware auren Hansa'u 'yar Hizamu da ubanta ya ɗaura ba da yardarta ba. Haka kuma Mother India, na 1957, ya nuna matar da ta ja garma da kafaɗarta, ta ƙi sayar da mutuncinta ga mai ba da bashi da ruwa. Wannan ya fi kusa da gaskiyar ƙauna.

Babban aibinsu shi ne mafi yawansu suna ƙarewa ranar biki, alhali a ranar ake farawa. Ya kai mai saye a Kantin Kwari, kana karɓar dila don ka ga turmin da ke sama kaɗai? Fim turmin sama yake nuna maka, ya ɓoye cefane da jinya da kukan jariri da tsakar dare. Sai amarya ta auna mijinta da jarumin da ba ya zuwa kasuwa, ango ya auna ta da wadda ba ta taɓa hura wuta ba, saki ya biyo.

Aya ta 21 a Suratur Rum ta ambaci natsuwa da ƙauna da rahama tsakanin ma'aurata. Silima ta ɗauki ta tsakiya ta bar biyu. In za ka nemi aure, ka bincika hali da addini, ka nemi yardar yarinya da waliyyinta, ka tambayi kanka ko za ka iya jinyarta. Allah Ya sa mu dace. Wallahu a'alamu. Tammat.